Azumin da Monita ta Ƙi Kamawa

Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Tudun Wada ba. Shanya ta ƙi bushewa, ashana ta yi sanyi, ƙofar ɗakina ta kumbura sai an sa mata kafaɗa. Jiya a ofis wata abokiyar aikina ta roƙe ni in haɗa wa kwamfutarta monita ta biyu. Na ɗauki 'yar siririyar waya na soka, kafin in miƙe tsaye hoto ya fito. Ta ce, "Kai, Malama, hannunki da albarka." Na yi dariya kawai, amma tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Na goge teburin da ba shi da datti, na fita baranda na dawo ya fi sau biyar. Abin da bai ɗauke ni minti guda ba jiya, shi ya taɓa cinye mini azumi cur a gidanmu na Yako, shekara goma sha biyar ko fiye da suka wuce.

A shekarar, azumi ya faɗo ne a tsakiyar marka. Yaran da suka buɗi ido da azumin bazara gani suke ƙishirwa ce kaɗai wahala. Wancan babu ƙishi, ruwa ko'ina har cikin ɗaki. Yunwa ce. Tsohon hatsi ya kai gindin rumbu, sai an shiga da tsintsiya ake tattaro na tuwo, sabo kuwa yana gona yana yi mana kwalele: masara ta yi goyo ba ta ƙosa ba, gero ya fid da kai ba a isa a taɓa shi ba. Maza su fita bayan asuba da garma, su yi ta huɗa cikinsu a rarake, su dawo da azahar taɓo har gwiwa. Mu kuma a cikin gida yaƙinmu da ɗanyen itace ne. Tun kafin la'asar Inna ke fara hura wuta, hayaƙi ya cika madafi, idanu su yi jawur, kafin kunun tsamiya ya yi kauri an kusa kiran sallah. Kwaɗon rama da tafasa su ne manyan baƙi a faranti. Ƙosai sai Juma'a.

Baba bai je gona ba a daminar. Malami ne, irin wanda manoma ke zuwa wa da tambaya: shanu sun kwana a gonar wane, yaya za a yi, an ari gona an dasa mangwaro, na wa ne, ruwa ya share iyaka, daga ina za a kama. Shekara arba'in yana amsawa, yana rubuta amsoshin da ajami yana tarawa a gafaka. Ni kuwa na gama kwaleji ina koyarwa a Kiru, na samu wata tsohuwar kwamfuta ta kan tebur, na manna haruffan Larabci a kan madannanta, na shafe wata bakwai ina buga littafin. Wani mai ɗab'i a Kano ya ce a kai masa bayan Sallah.

Sai dai Baba yana da ƙa'ida guda da ba ya tanƙwarawa. Ba a fitar da rubutu da sunansa sai idonsa ya bi shi layi-layi. Na ce masa, "Baba, in karanta maka mana, ka ji da kunnenka."

Ya ce, "Kunne ba ya ganin ɗigo. Ɗigo guda ya kauce, an ba wa Audu gonar Tanko. Abin da idona bai bi ba, gara ya koma gafaka gara ta cinye."

Idon kuwa tafiya yake. Likita ya gaya mana ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce take mutuwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Takarda ta riga ta zama masa toka. Abin da ya rage shi ne in akwai haske a bayan harafi, kuma harafin ya kai girman tafin hannu, yakan gane shi, musamman da hantsi. Monitata 'yar ƙarama ce, in na ƙara girman rubutu harafi uku ne ke cika ta. Don haka na roƙi shugaban makarantarmu, tunda ana dogon hutu, ya ara mini wata ƙatuwa mai ƙusumbi da ke ajiye a sito.

Baffa Idi, ƙanin Baba, shi ya ɗauko ta a babur ranar biyar ga azumi, an naɗe ta da leda da tsohon bargo an ɗaure da roba. Manomi ne mai ƙarfin hannu da ƙarfin baki, babu abin da ya taɓa shiga hannunsa ya yarda ya fi ƙarfinsa. Ya dire ta a zaure yana haki ya ce, "Malama, wannan ai ta fi buhun taki nauyi. In ba ta warkar da makanta ba, ni zan mayar da ita akurki."

Washegari na cire ƙaramar, na sa babbar a wurinta, na sauke ta kan tabarma gaban buzun Baba. Ta kama nan take. Baba ya kai fuskarsa har hancinsa na taɓa gilashi, ya fara bi da yatsa. A layi na huɗu ya tsaya. "Ke, ina ɗigon wannan?" Na leƙa, wallahi babu shi. Daɗi ya kama ni har na manta ina azumi.

Amma aikin ya ƙi sauri. Kansa da rawaninsa sun rufe gilashin, ni ba na ganin inda zan gyara sai ya janye, in ya janye kuma ya ɓata wurin da yake, mu sake lalube. Man janareto na awa biyu ne a rana, Baffa ke zuƙo mana shi daga tankin babur ɗinsa. Awa biyun suka ƙare ba mu gama shafi ɗaya ba, littafi kuwa shafi ɗari biyu da wani abu. Na lissafa a raina, na ga ko azumi uku aka haɗa ba za mu kai ba. Na ce, "Baba, ka ba ni kwana biyu. Zan haɗa su duka biyun, kai da taka, ni da tawa. Kana gani ina gyarawa."

Ya ce, "Da mun ci gaba a haka, ko da rarrafe."

Na ce kwana biyu ne kawai. Inna takan ce ina da zuciya kamar kuturu, ga gajen haƙuri. Ban musa ba. Wannan maganar ta kwana biyu ita ce nake taunawa har yau.

A bayan akwatin kwamfutar akwai baki mai shuɗi a sama, akwai wani shuɗin a ƙasa, kusa da shi kuma wani fari mai faɗi. Na mayar da ƙaramar a shuɗin ƙasa inda take da ma, na soka babbar a na sama. Shiru. 'Yar fitilarta ta yi ruwan lemo tana ƙifta mini ido, gilashi baƙi ƙirin. Na kashe na kunna. Na musanya wayoyin. Na hure bakin, na ɗaure 'yan kusoshin gefe har yatsuna suka yi zafi. Duk wadda na sa a ƙasa ta kama, duk wadda na sa a sama ta mutu. Na shiga saiti na danna wurin da ake nemo monita ya fi sau talatin, kwamfuta ta nace ita ɗaya ta sani. Kwana huɗu ina wannan, mai yana ƙonewa a banza, ruwa yana dukan kwano kamar ana sussuka. Baba yana zaune a buzunsa yana jan carbi kawai, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A lokacin wayar salula ba ta kamawa a cikin gida, sai an hau tudun bayan gari. Na yafa buhu a ka na hau, na kira Malam Kabiru, wanda ya koya mana kwamfuta a kwaleji. Bayan mun gaisa, ya tambayi ibada da jikin Baba, na zayyana masa. Ya yi dariya.

"Ai ba lalacewa ba ce. Bakin sama na injin ne shi kansa. Amma an ƙara masa katin hoto a ƙasa, kuma irin wannan injin in kati yana ciki, na sama barci yake yi. Duka biyun a jikin katin za ki sa. Kin ga farin bakin nan? Shi ne na biyu. Ki nemi adafta, gefe ɗaya fari, gefe ɗaya shuɗi. Ba ta fi akwatin ashana ba."

A Yako ko Kiru babu wanda ya taɓa jin sunanta. Sai Kano. Baffa kuwa ba zai bar huɗa ba, don ciyawa ba ta san ana azumi ba. Na yi ta zirga-zirga tsakanin zaure da madafi kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. In ɗauki taɓarya in ajiye. Na ƙona wa Inna kunu sau biyu, ta ce, "Ke dai fita mini daga nan, jikinki ne kawai a wurin." Kowace safiya nakan lura da Baba in zai fita alwala. Da farko butar kawai yake lalube. Daga baya na ga yana bin bango.

Ranar sha biyar Baffa ya je ya dawo, jiƙe sharkaf, adafta a cikin hularsa. Na karɓa, na kai farin bakin. Ta ƙi shiga. Gefe ɗaya ya zauna, ɗayan ya tokare. Zauren da duhu, ga hadari, ban ga abin da ya hana ba. Baffa ya karɓa ya juya ta a haske. A jikinta akwai jerin ƙananan haƙora, sai kuma wasu huɗu a ware a gefe.

"Yo ga abin da ya hana. Waɗannan huɗun ne suka yi yawa. Miƙo mini filaya."

Na ce, "Baffa, anya kuwa? Ina ganin kamar..."

"Malama, ni da na shekara talatin ina sa ruwan garma a ƙota? Abin da ya ƙi shiga fiƙe shi ake yi. Ke dai boko kika sani."

Raina ya ba ni kada a yi. Amma ƙanin ubana ne, ya bar gonarsa, ya sha dukan ruwa tun daga Kano da azumi a bakinsa, ga Baba zaune yana ji. Da wane bakin zan ce masa a'a sau biyu? Na miƙa masa filayar da hannu biyu. Ƙaras, ƙaras, sau huɗu. Ya tura da ƙarfi ta shige. Ya ce, "Kin gani?" Na tayar da janareto. Fitila ta ci gaba da ƙifta ruwan lemonta.

Da na sake hawa tudu, Malam Kabiru ya yi salati. "Huɗun nan ai su ne hanyar hoton gaba ɗaya. Sauran ba ruwansu da irin monitarki. Kun yanke mata maƙogwaro. Amma me ya hana ta shiga tun farko? Je ki duba bakin da kyau."

Na sauko ina kuka, ruwan sama yana taya ni. Na kinkimo akwatin zuwa tsakar gida da aka ɗan sarara, na kifa shi a kan turmi, na duba. Zanzaro ne. Ya bi ƙananan ramukan gefen farin bakin ya liƙe su da laka, ta bushe ta yi tauri, launinta ya saje da ƙura. Na ɗauko allurar Inna na yi ta tsokalowa, garin ƙasa na zuba a tafin hannuna. Duka-duka bai kai cikin ƙaramin cokali ba. Na tsaya ina kallonsa, haushi kamar ya kashe ni, na rasa wanda zan zaga, ƙwaro ko kaina.

Na gaya wa Baffa. Da aka sha ruwa ya bar rabin kununsa, abin da ban taɓa gani ba. Ya so ya koma Kano washegari, sai aka kwana biyu ana tafka ruwa, rafi ya kawo ya cinye hanyar babur. Da ruwa ya janye, gayyar da ya riga ya kira ta zo, ba dama ya bar mutane a gonarsa. Ya ba wani direban ƙaramar bas saƙo da guntuwar adaftar a matsayin samfur, yana jaddada masa, "Mai haƙora huɗu a gefe, ka ji ko? Ka ƙirga su." Direba ya sayo, ya manta da ita a aljihun mota kwana uku. Kullum da la'asar ina bakin hanya. Masara ta fara shigowa gida a lokacin, ana gasawa a sha ruwa da ita, kowa fuskarsa ta saki, ni ko ɗanɗanonta ba na ji.

Ta iso ranar ashirin da shida da yamma. Da hantsin washegari na soka ta, ta shige sumul ba gardama. Na ja igiyar janareto. Fitilar ta ƙifta sau biyu, ta koma kore, gilashin ya cika da haske shuɗi.

Ihu na yi, ni da nake budurwa a zauren malami. Ban tsaya duba komai ba, don man da ke tanki bai kai na awa guda ba. Na juya babbar ta fuskanci buzu, bayanta a wajena, na ruga na kira Baba. Baffa ya riƙo hannunsa ya zaunar da shi, shi ma ya tsuguna a bakin ƙofa. Na koma kan teburina, na buɗe littafin a shafi na biyu, na ƙara girman rubutu.

"Bismillah, Baba. Daga babin ɓarnar dabbobi."

Ya matsa har hancinsa ya taɓa gilashi. Sai ya ɗora yatsa ya fara karantawa, a hankali, da muryar da yake ba da karatu. Ina bi a tawa, kalma bayan kalma, babu inda ya kauce. Layi biyar, layi goma. Baffa yana ta gyaɗa kai yana cewa ma sha Allah. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Sai na lura ya wuce inda rubutun ya tsaya a tawa, alhali ban gangara da shafin ba.

Na tashi na zagaya bayansa. Babu komai a babbar monitar. Shuɗin fili ne kawai. Ashe kwamfutar ba kwafin tawa ta aika mata ba, ɗaukarta ta yi a matsayin ƙarin fili a gefe, littafin yana nan a tawa ni kaɗai. Yatsan Baba yana tafiya daga dama zuwa hagu a kan wofi.

Na ce, "Baba." Na matsa kusa da shi. "Baba, rubutun bai zo ba tukuna."

Yatsan ya tsaya. Ya daɗe bai ɗauke shi ba. Sannan ya ce, "Na ga haske. Na ce ko in na fara za su fito."

"Laifina ne, yanzu zan kawo shi. Minti ɗaya."

Na koma da gudu, na kama shafin na ja shi gefe har ya tsallaka. Na dawo na duba da idona: ga shi nan, baƙi a kan fari. Na ƙara girma har kalma ɗaya ta cika gilashin, kowane ɗigo kamar ƙwallon goriba.

"Yanzu fa, Baba?"

Ya kai ido na dama. Ya juya ya kai na hagu. Ya goge su da bakin rawani ya sake.

"Hasken ya ƙaru," in ji shi.

Baffa ya tashi ya fita, na ji shi a waje yana fyace hanci. Janareto na ta ruri. Na durƙusa a gefen tabarma, na ce, "Ka yafe mini. Da na bi maganarka da ko rabi mun yi."

"Da shafi ashirin muka yi, mu tsaya a nan ɗin dai. Wanda ya ba da ido shi ya karɓi abinsa." Na san abin da ya rage: a tattara a mayar gafaka. Har na fara miƙa hannu zan kashe.

Ya ce, "Ɗigon nan da na kama ranar, kin ga wasu irinsa?"

Na ce bayan ranar na koma na bi littafin da takardunsa a gefe, duk sa'ad da aka samu wuta, na kama goma sha ɗaya.

"Kin gyara?"

"Na gyara."

"Sake bi. Daga farko, da asalin a hannunki, layi-layi. Inda kika yi shakka ki tambaye ni, kada ki yi sauri." Ya gyara zama. "Yanzu je ki shafin ƙarshe, inda aka bar fili."

Na koma kan kujera, na gyara saiti yadda littafin zai fito a duka biyun. A ƙarshen littafin akwai layin da ya sa na bari tun farko, inda za a rubuta cewa mai littafin ya duba shi da idonsa. Na ce na zo.

"Goge wannan. Rubuta: mai littafin bai gan shi ba. Wadda ta duba shi da idonta, kuma ya yarda da dubawarta, ita ce 'yarsa..."

Ya tsaya. Ni ce 'yar fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Na ɗora yatsuna a kan madannai, na ce a raina zan cike da kaina in sauƙaƙa masa.

Ya ce, "Rukayya."

Na buga. Haruffan suka fito a babbar monitar a gabansa, manya-manya, suna haska masa fuska. Ni ma a lokacin hawaye sun hana ni ganin tawa.

Ya ce, "Kin sa ɗigon daidai?"